Kamun Tirawut da Ƙwaron Gashi a Rafin Red Brook: Me Ya Sa Ake Mayar da Shi Ruwa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan Yawuri ne, a bakin kogin Kwara na tashi, tun ina yaro nake jefa fatsa. Yanzu shekarata biyu ina aiki a Brockton, jihar Massachusetts. Wani abokin aikina ya kai ni wani ɗan rafi kusa da Cape Cod da ake kira Red Brook. Ya hana ni sa tana, ya ba ni ƙugiya da aka naɗe da gashin tsuntsu. Muka yini ban kama ko ɗaya ba. Shi ya kama guda, tsawonsa bai fi tafin hannu ba, ya dube shi ya mayar ruwa yana ta murna. Malam, wane irin kifi ne wannan, don me ake mayar da shi, kuma in ina so in iya wannan kamu ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambaya uku ka yi, amma tushensu ɗaya ne. In ka gane abin da ya sa wannan kifi yake iya rayuwa a wannan ɗan rafi, alhali ya ɓace daga rafuka da yawa da ke kewaye, to ka gane dalilin mayar da shi, kuma ka kama bakin zaren kamunsa. Ni ɗan Haɗeja ne, na san taru na san fatsa tun ƙuruciya, kuma na daɗe a wannan jiha. Red Brook da rafin Quashnet su ne ruwan da na fi shiga. Abin da zan faɗa maka daga gare su na koye shi, da ƙafata cikin ruwa, sai kuma abin da masu binciken kifi suka tabbatar. In wata rana ka je Maine ko Kanada, ka nemi mutanen wurin su nuna maka nasu ruwan, don kowane rafi da halinsa.

Wane kifi ne

Mutanen nan suna kiransa brook trout, wato tirawut na rafi. Masana kuma suna ce masa Salvelinus fontinalis, kalma ta biyun nan da Latin tana nufin "na idon ruwa". Riƙe wannan ma'ana, za mu dawo kanta. Ɗan ƙasa ne na asali a gabashin Amurka ta Arewa, daga duwatsun Appalachia har can arewacin Kanada. Sauran tirawut da za ka gani a tafkunan jihar nan daga wani wuri aka kawo su. Mai ruwan ƙasa daga Turai aka kawo shi, ƙwansa ya fara isowa daga Jamus a 1883. Mai jan zane a gefe kuma daga yammacin ƙasar ya fito, wajen tekun Pasifik. Wanda abokinka ya kama kuwa, kakanninsa suna cikin ruwan wannan yanki tun bayan da ƙanƙarar da ta rufe shi a zamanin da ta narke. 'Yan ƙabilar Wampanoag sun san shi tun kafin jirgin Turawa ya sauka Plymouth a 1620.

In ka sake ganinsa ka dube shi da kyau. Bayansa kore ne mai duhu, da zane-zane kamar sawun tana a kan laka. Gefensa ɗige-ɗigen rawaya ne, a tsakaninsu akwai 'yan jajayen ɗigo, kowanne an kewaye shi da shuɗin zobe. Fukafukan cikinsa ruwan goro ne, bakin kowanne da farin layi tas, sai baƙin layi a bayan farin. Wannan farin layi shi ido ke fara kamawa in kifin yana kwance a kan yashi. Da kaka ta shigo, cikin namiji yakan yi ja kamar garwashi.

Na Red Brook yana da wani hali da ya sa ake ji da shi. Rafin daga tafkin White Island yake fitowa, ya yi tafiyar kilomita 7 ko kusa da haka tsakanin garuruwan Plymouth da Wareham, ya zuba a Buttermilk Bay, ruwan gishiri. Wasu daga cikin kifayen sukan gangara su shiga wannan ruwan gishirin, shi ya sa tsofaffin masunta na nan suke ce musu solta, wato 'yan gishiri. Ba sa yin nisa cikin teku kamar kifin salmon. Suna nan kusa da bakin rafi, suna cin ƙananan jatan lande da 'ya'yan kifi, abincin da ya fi na cikin rafi yawa nesa ba kusa ba. Wanda ya je ya dawo za ka gane shi: jikinsa ya yi fari kamar azurfa, ya yi kauri, sai bayan ya kwana biyu a ruwan daɗi launukansa su dawo. Wanda bai taɓa barin rafi ba yawanci santimita 15 zuwa 20 ne. Ɗan gishiri kuwa yakan kai 30, wani ma ya wuce. Iri ɗaya ne, uwa ɗaya ma kan haife su, wani ya zauna gida wani ya tafi cin rani. Masu bincike sun maƙala wa kifayen Red Brook 'yan na'urori sun bi sawunsu, sun ga an fi gangarawa bayan saka ƙwai a ƙarshen kaka da cikin hunturu, in ruwan teku ya fara ɗumi kuma su hauro rafi.

Duk maganar ta ruwan sanyi ce

Ka tuna tarwaɗa. Kududdufi ya kusa ƙafewa, ruwan ya yi zafi ya koma taɓo, tana nan da ranta, don Allah ya ba ta abin shaƙar iska daga sama. Tirawut ba shi da wannan. Iskar da ta narke cikin ruwa kaɗai yake shaƙa, kuma yana bukatarta da yawa. Ruwa kuwa gwargwadon ɗuminsa gwargwadon raguwar iskarsa: a digiri 10 na Selshiyas, lita ɗaya tana iya riƙe miligiram 11 na iskar shaƙa, a digiri 25 sai ta koma wajen 8. A daidai lokacin kuma jikin kifin yana ƙara neman iska saboda ɗumin. Daga digiri 20 ya shiga wahala. In ruwa ya daɗe a 24 ko 25, mutuwa ce.

To ta yaya yake rayuwa a wurin da watan Yuli da Agusta ke da zafi har mutane suna cika bakin teku? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa. Daga Plymouth har Cape Cod ƙasar yashi ce da tsakuwa da tsohuwar ƙanƙara ta bari. Ruwan sama yana nutsewa cikinta, ya yi tafiyarsa a hankali cikin duhu, ya ɓullo a gindin rafi da gaɓarsa yana da sanyin kusan digiri 10, rani da hunturu bai cika sauyawa ba. Ka ga ma'anar sunan nan, na idon ruwa. Wata rana cikin Agusta na durƙusa a wata kwana ta Quashnet na tura hannu cikin yashin gindin ruwa. Saman ruwan da ɗan ɗumi, amma yatsuna na shiga yashi sai na ji sanyi kamar ruwan randa da asuba, ƙwayoyin yashi suna ta tsalle-tsalle a wurin kamar tukunya ta fara tafasa. Taku biyu daga nan kifi biyar suna jere, kawunansu duk sun fuskanci wurin. Ba abinci ya tara su ba, sanyi suke sha.

Wannan ruwan ne kuma ke raya ƙwansu. Cikin Oktoba da Nuwamba mace takan nemi tsakuwa mai tsabta inda ruwa ke ɓullowa daga ƙasa, ta share da wutsiya ta yi ɗan gurbi, ta zuba ƙwai, namiji ya yi musu barbara, ta rufe. Ƙwan suna nan cikin tsakuwa duk hunturu, ruwan ƙasa yana hana su daskarewa yana wanke su, sai wajen ƙarshen sanyi 'ya'yan su fito.

Yadda aka kusa rasa shi

A ƙarni na 19 rafukan wannan yanki sun yi suna har manyan ƙasa suna zuwa kamu. Daniel Webster, sanatan nan da ya riƙe sakataren harkokin waje, rafin Mashpee yake zuwa. Abin da ya ɓata su aikin hannun mutane ne. Da farko madatsai na injinan niƙa da masana'antu suka tare hanya tsakanin rafi da teku. Daga baya noman kiranberi ya shigo, wani ɗan jan ɗan itace mai tsami kamar zoɓo, wanda aka fara nomawa a Cape Cod wajajen 1816. Don a yi gonarsa sai an sare itatuwan bakin rafi, an miƙar da rafin ya zama lambatu, an datse shi don a riƙa cika gona da ruwa, an kuma riƙa baza yashi a kan shukar. Inuwa ta tafi, ruwan da aka tare ya zauna a rana ya yi ɗumi, yashi ya gangaro ya binne tsakuwar ƙwai. Rafi bayan rafi, kifin ya ƙare.

Red Brook ya tsira ne ta dalilin wani gida. Theodore Lyman, wanda ya yi aikin kwamishinan kifi na jihar, ya fara sayen fili a bakin rafin a 1870, ya yi ta ƙarawa har ya kai eka 638. Zuriyarsa suka riƙe wurin sama da shekara 100, a 2001 suka ba da shi don amfanin jama'a. Yanzu hukumar kifi da namun daji ta jiha, MassWildlife, da ƙungiyar The Trustees of Reservations da ƙungiyar masu kamu ta Trout Unlimited ne ke kula da shi. An cire tsofaffin ƙananan madatsai, an jefa kututture cikin ruwa don kifi ya sami mafaka, an daina zuba kifin kiwo. A Quashnet ma masu aikin sa kai sun shafe shekaru tun daga 1970 da wani abu suna gyara rafin da hannu. Duk wani kifi da ka gani a waɗannan wurare a nan aka haife shi, ba mota ce ta kawo shi ba.

Dalilin mayarwa

Yanzu ka yi lissafi irin na masunci. Tarwaɗa guda tana zuba ƙwai dubbai masu yawa, kuma Kwara teku ce in aka kwatanta da wannan rafi da taku huɗu ke ƙetare shi a wurare da dama. Ƙaramar macen tirawut 'yan ɗaruruwa take zubawa, sau ɗaya a shekara, kuma kaɗan ne cikinsu ke wuce shekara uku ko huɗu a duniya. Wurin kuma sa'a ɗaya ne a mota daga Boston. In kowane mai zuwa ya tafi da biyu, manya za a fara kwashewa, su ne kuwa masu ƙwai da yawa, su ne masu zuwa teku. Kifin kiwo ba ya maye gurbinsu. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna kifayen waɗannan rafuka jininsu daban yake da na gidan kiwo, har ma rafi da rafi akwai bambanci. In na Red Brook ya ƙare, babu inda za a sayo shi. Shi ya sa dokar jiha ta ce a Red Brook, daga mafitar tafki har bakin teku, kamu a saki ne, kuma ba a sa koto mai rai. Haka wani dogon sashe na Quashnet.

Wannan tunani ba baƙo ba ne gare mu. Kai da ka fito daga ƙasar Kebbi ka san Matan Fada a Argungu: ana hana kamun kifi a wurin tsawon shekara, Sarkin Ruwa yana sa ido, don ranar biki a sami kifi. A can ruwa ake rufewa a buɗe rana guda. A nan an bar ruwa a buɗe kullum, kifin aka hana ɗauka.

Maganar tana kuma, ga dalilinta. Kifi in ya sami tana haɗiye ta yake yi, ƙugiya ta shige maƙogwaro ko ta yanki wurin numfashinsa, ya yi ta zubar da jini, ko ka sake shi da wuya ya kai gobe. Ƙwaron gashi kuwa, wato ƙugiyar nan da aka naɗe da gashin tsuntsu, da ya cafka ya ji ba abinci ba ne zai nemi tofarwa, don haka kusan kullum a leɓe ƙugiya ke kama shi.

Na san akwai abin da ke ranka da ba ka faɗa ba, don ya daɗe a nawa ran: shin ya dace mutum ya wahalar da dabba ba don ci ba? Wannan hukunci na malamai ne, ni masunci ne, ka kai musu tambayar yadda take. Abin da na ɗora wa kaina shi ne in rage masa wahala iyakar iyawata, in kama kaɗan in tashi, in kuma ba da ranakun Asabar ɗina in an kira aikin gyaran rafi. In kuwa na miya kake so, hanya a buɗe take. Jiha tana zuba tirawut na kiwo dubban ɗaruruwa duk shekara a tafkuna irin su Long Pond na Plymouth da Peters Pond na Sandwich, don a kama a ci aka zuba su, bisa adadin da doka ta yanka.

Kaya da jifa

Bambancin wannan kamu da fatsarmu abu ɗaya ne. A fatsa, nauyin dalma ko na koto ne ke jan zare ya tafi. Ƙwaron gashi ba shi da nauyin da za a jefa, don haka aka mai da nauyin cikin zaren kansa: zare ne mai kauri da aka lulluɓe da roba, shi kake kaɗawa kamar bulala, shi kuma ya ɗauki ƙwaron ya kai. A bakinsa ake ƙulla siririn zaren roba mai kama da ruwa, wanda kifi ba ya gani sosai, a ƙarshensa ƙugiya.

Don irin wannan rafi ka nemi gajeriyar sanda, ƙafa 7 ko ƙasa da haka kaɗan, mai lamba 3, da zare mai yawo a saman ruwa shi ma lamba 3. Doguwar sanda a nan rassan itace za ta yi ta kamawa. Siririn zaren gaba ƙafa 6 zuwa 7 ya isa, bakinsa mai lamba 4X. Kada ka sa wanda ya fi haka siranta, don kana bukatar ka jawo kifi da sauri ka raba shi da saiwoyi. Faifan naɗe zare kowane iri ya yi, ajiya kawai yake yi a nan. Kada ka zuba kuɗi a kan masu tsada. Abin da ba zan yarda ka bari a gida ba shi ne ma'aunin zafin ruwa, da 'yar filaya, da ƙaramar homa mai ragar roba.

Ƙwari kuma, mutane sukan cika akwati da iri ɗari, ni uku ko huɗu nake amfani da su. Tunda waɗannan kifaye sun saba cin 'ya'yan kifi, wanda ya fi yi mini aiki shi ne mai siffar ɗan kifi, a kan ƙugiya lamba 8 zuwa 12. In ka shiga shago ka ce a ba ka Woolly Bugger baƙi ko kore, da Mickey Finn mai ja da rawaya, da Black Nose Dace. Daga Afrilu zuwa Mayu wani kifin teku da ake kira alewife yakan hauro rafin ya wuce tafki ya yi ƙwai, 'ya'yansa kuma su gangaro daga tsakiyar shekara zuwa kaka. In ka ga 'yan farare suna walƙiya cikin ruwa, sa fari siriri daidai tsawonsu. Cikin Yuni, in tururuwa da buzuzu suna faɗowa daga ganye, ƙaramin baƙi mai yawo a sama yana sa kifi ya taso ka gan shi da idonka. Kowace ƙugiya ka matse kunnenta da filaya tun a gida, don ta fita ba tare da yaga ba.

Dogon jifan nan da kake gani a talabijin, zare yana lilo gaba da baya, ka manta da shi a Red Brook. Babu fili. Jifa biyu za ka koya. Na farko shi ne harbin baka: ka bar zare daidai tsawon sanda, ka riƙe ƙugiya ta lanƙwasarta da babban yatsa da manuni, tsininta yana kallon waje, ka ja baya har sanda ta lanƙwashe, ka saita ƙarƙashin reshen da kake so, ka saki. Ka gwada a tsakar gida da kwano a taku huɗu, har ka riƙa sa shi ciki. Na biyun ma ba jifa ba ne, aike ne. Ka tsaya daga sama da wurin da kake zato, ka ajiye ƙwaro a ruwa, ka riƙa sakin zare kamu-kamu, ruwa ya ɗauke shi ya kai maka ƙarƙashin gaɓa ko gindin kututture inda hannu ba zai taɓa jefawa ba. In ya isa ka tsayar, ka bar shi yana rawa a wurin, ka ɗan ja kaɗan ka saki, ka sake ja. Mafi yawan manyan da na kama a wannan rafi ta haka ne.

Amma ina zaton ba jifa ne ya hana ka kamu ran nan ba, tafiya ce. A Kwara ruwa jaja ne mai faɗi, kifi bai damu da mutum a gaɓa ba. Nan ruwa garai yake duk da jan da ya ba rafin sunansa, ga shi bai kai gwiwa ba a wurare da yawa. Abokan gaban wannan kifi daga sama suke zuwa, zalɓe da shahon da ke kamun kifi, sai karen ruwa. Duk inuwar da ta gifta, ya shige rami, ba zai fito ba sai bayan rabin sa'a ko fiye. Yana kuma jin girgizar taku ta wani layi da ke gefen jikinsa, gaɓar kuwa laushi gare ta, tana kai masa labarinka tun kana nesa. Ka sa tufa mai launin ƙasa ko kore. Ka yi tafiyar maharbi, in ka kusa ka durƙusa, rana kada ta jefa inuwarka kan ruwa. In babu dole kada ka shiga ruwan, don in kana kamu kana gangarawa, duk laka da ka tayar gaba take yi ta riga ka isa.

Bari in ba ka misalin yadda abin yake in ya yi daidai. Wata safiya cikin Mayu, hazo bai gama tashi ba, na iso wata kwana da itace ya faɗi ya gitta. Ruwa ya haƙe ƙarƙashinsa ya yi baƙi. Na zauna a kan dugadugaina taku shida daga sama, na daɗe ban yi komai ba. Sannan na aika baƙin ƙwaro, ya shige inuwar ya ɓace. Ja na farko shiru. A na biyu sai na ga farin layin nan ya fito daga duhu ya juya, sanda ta amsa har cikin gwiwar hannuna. Kafin minti ɗaya yana cikin homa, fari sol kamar sabon cokali, jajayen ɗigon da ƙyar ake ganinsu ƙarƙashin azurfar. Bai daɗe da barin gishiri ba. Shi kaɗai na kama ran nan, na naɗe zare na koma mota.

Lokaci, da kifi a hannu

Afrilu, Mayu da farkon Yuni su ne lokacin da zan ce ka fara, sai kuma Satumba in zafi ya karye. Ranar gajimare ta fi ranar da rana ta take, sassafe da gab da magariba sun fi tsakar rana. A can ƙasa kusa da teku ruwa yana cikowa yana janyewa sau biyu a yini, ka duba jadawalin kafin ka fito, na fi samun motsi in ruwa ya fara janyewa yana kwaso abinci daga ciyawa. Cikin Yuli da Agusta kuwa ma'auni ne shugaba. Ka tsoma shi minti ɗaya a inda ruwa ke gudu. Ma'aunan nan da Farenhait suke: 65 shi ne kusan digiri 18, 68 shi ne 20. Ni daga 65 nake naɗe kaya, don kifin da ya yi kokawa a ruwan ɗumi yakan yi iyo ya tafi kamar lafiya, ya je ya mutu a ɓoye. Waɗanda ka gani sun taru a idon ruwa kamar yadda na ba ka labari, ka wuce su. Daga Oktoba zuwa ƙarshen sanyi, duk inda ka ga tsakuwa ta yi haske an share ta kamar faifai, gurbin ƙwai ne, kada ƙafarka ta taka, kada kuma ka jefa wa kifin da ke kansa.

In ya kamu, ka jawo shi da wuri. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, don yauƙin jikinsa shi ne rigarsa daga cuta, busasshen hannu yana goge shi. Ka bar shi cikin homa cikin ruwa, ka zare ƙugiya, kada ka matse ciki, kada yatsa ya shiga wurin numfashi. In ƙugiya ta yi zurfi ka yanke zare ka bar ta. Sannan ka riƙe shi a hankali kansa yana fuskantar inda ruwa ke fitowa har ya fizge da kansa. A shekarata ta farko na taɓa riƙe wani kyakkyawa a sama ina laluben waya cikin aljihu don in ɗauki hoto. Da na mayar da shi sai ya kife, farin cikinsa a sama. Na daɗe durƙushe ina tallafe da shi cikin ruwa kafin ya miƙe ya tafi yana tangaɗi. Abin ya tsaya mini a rai. Tun daga ranar, in zan ɗaga kifi, numfashina nake riƙewa tare da shi, kafin in bukaci shaƙa ya koma ruwa.

Ka kula da jikinka kai ma. Dajin nan cike yake da kaska ƙanana, wata ba ta kai ƙwayar riɗi ba, kuma suna ɗauke da cutar Lyme. Ka tura ƙafar wando cikin safa, ka fesa magani, in ka koma gida ka duba jikinka kaf. In ka ga jan zobe yana faɗaɗa a fata ko zazzaɓi ya biyo baya, ka je asibiti ka ce ka shiga daji. Akwai kuma wani tsiro mai ganye uku-uku masu sheƙi da ke bin gaɓa yana hawa itace, taɓa shi yana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa. Ka sa abokinka ya nuna maka shi tun ranar farko.

Lasisi dole ne ga duk wanda ya kai shekara 15, ta intanet ake saya a wurin hukumar jiha. In za ka jefa cikin teku kuma akwai izini daban. An hana ƙananan dalma da ba su kai oza ɗaya ba a ruwan daɗi. Dokokin sukan sauya, don haka ka karanta littafin hukumar na shekarar da kake ciki da allunan da ke bakin rafi.

In za ka koma, ka je da sassafe kai kaɗai ko da abokin nan naka, ka ajiye mota a filin Lyman Reserve, wato wani ɓangare na wurin nan da zuriyar Lyman suka bayar, ka bi hanyar ƙafa har ka sami kwanar da ke da inuwa da ɗan zurfi. Ka jingine sanda a itace, ka zauna ƙasa inda za ka ga gindin ruwa, ka ba shi rabin sa'a ba motsi. Da farko yashi kawai za ka gani da ganye. Can sai wani abu da ka ɗauka guntun kara ne ya ɗan gusa gefe, ya cafki wani abu, ya koma wurinsa. Ka lura da inda ya kwanta, da ta inda ruwa ke kawo masa abinci, da ramin da yake gudu in tsuntsu ya wuce. Sannan ka ja da baya da rarrafe, ka zagaya ta sama, ka aika masa ƙwaron.